Bayan lisans a Damagaram: yadda na bi takarduna buro-buro har na kama alli

Assalamu alaikum ƴan uwa, musamman ƙannenmu da ke shekara ta uku a jami'a yanzu. Abin da ya zaunar da ni rubutun nan, makon jiya ne bayan la'asar wani yaro ɗan unguwarmu a Garin Malam ya tare ni bakin masallaci, ya ce yaya don Allah na gama lisans amma ban san ta inda zan fara ba, wannan ya ce mini in je meri, wato ofishin magajin gari, wancan ya ce a'a jastis, wato kotu, ne farko, wani kuma ya ce sai na tafi Yamai da ƙafata. Da na dube shi wallahi kaina na gani a 2018, da shamiz ɗina na zuba takardu a hammata ina yawo cikin rana ban san wace ƙofa ke gaban wace ba. Shi ya sa na ce bari in faɗi yadda tawa ta kasance daki-daki, daga neman takardar gama lisans har zuwa sarbis sibik, wato aikin bautar ƙasa, in wani abu ya canza daga lokacinmu zuwa yau sai ku tambaya, amma ƙashin bayan maganar yana nan.

Ni a 2014 na shiga jami'ar Zinder, sashen jeyografi, lokacin ba a kai ga sa mata sunan Farfesa André Salifou ba, masanin tarihin nan ɗan garin nan da ya shugabanci taron ƙasa na 1991. Jami'ar yarinya ce a lokacin, a 2010 aka kafa ta tare da ta Maradi da ta Tawa, kafin nan IUT ce kawai, wato makarantar koyon fasaha ta gaba da bak, yayyenmu da suka ci bak gabanmu sai dai su ɗauki akwati su yi tafiyar kusan kilomita 900 zuwa Yamai. Mu Allah ya yi mana gata, karatu ya zo ƙofar gida. Amma ba wai sauƙi ba ne, wanda ya yi zaman Damagaram a watan Afrilu da Mayu ya san maganar ruwa, mu huɗu ne a ɗakin haya, kowa da bidonsa, in mai ga-ruwa ya ɓace sai mu yi kuri'a wa zai tashi da asuba ya bi layin fampo. Tikitin resto a aljihu, layin shinkafa da rana, dare kuma in an ɗauke kuran mu kwashi kayye mu koma ƙarƙashin fitilar titi da butar shayi, ɗaya na karantowa saura na maimaitawa. Ranar da burs ta faɗo daga ANAB, hukumar da ke biyan ɗalibai kuɗin tallafi, kuwa har mai shagon unguwa sai ya sani, don ranar ake biyan bashin sukari da taliya na wata uku. Ga taron 9 ga Fabrairu duk shekara na tuna ɗaliban da aka kashe a gadar Kennedy a 1990, nan na fara jin cewa kalmar kamarad tana da nauyi. Duk wannan na kawo shi ne don mutanen da na ci wannan wahalar da su, su ne daga baya suka riƙe ni a hanyar takardu, za ku gani.

To tsarin LMD, wato lisans, mastar, doktora, kun san shi, samastar shida, kowace kiredi 30, sai ka haɗa 180 kake da lisans. Ni shekara huɗu na yi maimakon uku saboda a samastar ta huɗu mahaifina ya kwanta ciwo a ƙauye, na tafi jinya na rasa jarrabawa biyu, a ratarapaj ma, wato jarrabawar ramuwa, ɗaya kawai na samu, sai da na ja bashin nan har shekara ta gaba. Ranar da aka lika sakamakon ƙarshe na ga sunana, na yi sujada a wurin, na kira Inna ta yi ta guɗa a salula, a zatona shike nan an gama. Washegari na wanke ƙafa na nufi sikolarite, ofishin takardun ɗalibai, neman atestasiyo, wato takardar shaidar gamawa, hannuna babu komai sai katin ɗalibi. Madam ɗin da ke wurin ta ce ɗana ina relebe ɗinka? Na ce wane? Ta ce duka takardun makinka, daga na samastar ta farko har na ta shida, da kopin bak, da takardar haihuwa. Na koma ɗaki na zazzage akwati, biyar na samu, na samastar ta biyu babu shi, can na tuna daminar da rufin ɗakinmu ya yi yoyo ruwa ya jiƙa mini takardu na shanya su, daga nan ban sake ganinsa ba. Sai da na rubuta takardar roƙo da hannu, na sayi tambur na manna, na kai, aka ce in dawo bayan sati biyu don sai an koma cikin rajista kuma sai mai sa hannu ya sa hannu. Sati biyun nan sun yi mini tsawo ƙwarai, abokaina suna ta fitowa da tasu atestasiyo ni ina zaune kan dakali, kuma ba wanda zan ɗora wa laifi, takarda guda ce ban adana ba.

Da na koma da shida cif, nan babbar ta fito. Madam ta jera takarduna kan tebur tana bin su da bakin bik, sai ta tsaya, ta ce zo ka duba. A takardar haihuwa an rubuta Mahamane da e a ƙarshe, a bak kuma da duk takardun lakwal Mahaman babu e. Shekara da shekaru ina riƙe da takardun nan ban taɓa lura ba. Ashe tun ranar da aka rubuta ni a firamare a ƙauye harafin nan ya faɗi, ya bi ni har birbe, har bak, har jami'a. Na ce Madam ai harafi ɗaya ne kuma duk ni ne. Ta ce ni na san kai ne, amma wanda zai buɗe dosiyenka a Yamai bai taɓa ganin fuskarka ba, takarda yake gani, in suna biyu ya gani mutum biyu ne a wurinsa, gara ka gyara yanzu da ka gyara ranar da sunanka ya fita a kwankur, jarrabawar ɗaukar aiki. Har yau ina yi wa matar nan addu'a. Ita ta faɗa mini akwai takardar da ke shaida cewa mai wannan sunan da mai wancan mutum guda ne, andibiduwalite ake ce mata, in je jastis in tambaya za a nuna mini yadda ake yi. Na je, aka yi mini bayani, na kawo takardar haihuwa da ta bak da katin ɗan ƙasa, na biya kuɗin tambur, cikin mako guda ta fito. Tun daga ranar duk dosiyen da zan ajiye sai na maƙala kopinta a sama.

Ranar da na karɓi atestasiyo, baba mai gadi a bakin ƙofa ya ga yadda na riƙo ta, ya kira ni ya ce yaro zo nan, kar ka naɗe ta, kar ka kai a manne mata roba, kuma ko wa ya tambaye ka orijinal ka nuna masa a hannunka ka koma da abarka. Ya ce ya ga waɗanda suka ba da tasu a wurin neman aiki suka dawo suna kuka. Ku sani atestasiyo daban diplom ɗin kansa daban, shi yana ɗaukar lokaci kafin ya fito, amma da atestasiyon ake yin komai kafin nan, ni da ita na yi sarbis sibik har na gama. Daga can ban zarce gida ba, wurin mai fotokopi na tsaya, dala biyar-biyar shafi, na yi goma-goma na kowace takarda, atestasiyo, bak, relebe shida, takardar haihuwa, nasiyonalite (ta shaidar zama ɗan ƙasa), ta shaidar suna.

Sai legalize, wato kai kopi meri a buga musu hatimin shaida. Birnin Zinder gunduma biyar ne kowace da merinta, ni ta kusa da mu na je. Ranar farko ƙarfe sha ɗaya na isa, na tarar da layi har waje, lokacin ajiye dosiyen kwankur ne kowa da tulin takardunsa, na tsaya har azahar ban kai ba. Kashegari bakwai da rabi ina bakin ƙofa, kafin goma na fito. A zo da orijinal, wannan dole ne, don sai an gwada shi da kopi kafin a buga hatimi, na ga wata yarinya da ta zo tun daga Kara-Kara da kopi kaɗai aka ce ta koma ta ɗauko, ta biya kabu-kabu sau huɗu a banza. Kuma kowace kopi da kuɗin tamburinta, ba a dunƙule ake biya ba, to in ka yi goma-goma irin nawa sai ka ga jikkuna sun tafi. Ni kuɗin da na ɗan tara daga burs ta ƙarshe a nan rabinsa ya ƙare. Da zan sake, uku-uku zan fara yi, in ƙara in buƙata ta taso. A riƙe canji kuma, ƙananan kuɗi, yana rage tsayuwa.

Nasiyonalite ba ta ba ni wahala ba don tun lokacin bak nake da ita. Kaziye, takardar jastis da ke nuna ko an taɓa yanke wa mutum hukunci, ita ce ta kai ni ƙasa. Ni na ɗauka tunda a Zinder nake zaune a nan zan karɓa, na je na bi layi, da aka duba takardar haihuwata aka ce ai kai haifaffen ƙasar Matamaye ne, can za ka je, kaziye inda aka haifi mutum take bi ba inda yake kwana ba. Na fito raina a jagule, ranar Alhamis ce garin cike da ƴan cin kasuwar Dole, na ce gobe da sassafe in sha Allah. Goben nan Juma'a ce, ban yi lissafi ba. Na je tasha, mota ba ta cika da wuri ba, muka bi ta Takeita muka karya kudu ta Kance, ana sauke wannan ana ɗaukar wancan, kafin mu shiga Matamaye an fara haramar masallaci, kuma ma'aikatun gwamnati ranar Juma'a da rana ake tashi, sai Litinin. Na tsaya gaban ƙofa a rufe da shamiz a hannu, kuɗin aljihuna ba su kai na komawa in sake dawowa ba. Sai na wuce ƙauye wurin kawuna, ya ce ɗan nan ai Allah ne ya kawo ka, gobe akwai ɗaurin gero, na yi kwana uku ina taya su aiki, na ziyarci kabarin mahaifina wanda bai ga ranar gamawata ba, Allah ya jiƙansa. Litinin da safe na ajiye, da yamma na karɓa, aikin da bai fi yini ɗaya ba. Bayan na dawo na je likita na yi bizit da kwantar-bizit, likita biyu ne kowa zai duba ka ya sa hannu, safiya ɗaya ta isa in ka je da wuri.

Yanzu ga kuskuren da ya fi ci mini rai, ku saurara da kyau. Na haɗa komai tsaf a watan Nuwamba, na sa a shamiz na ajiye ƙarƙashin katifa ina jiran a buɗe karɓar dosiyen sarbis sibik. Sanarwa ba ta fito ba sai bayan wata huɗu. Na ɗauko kayana da murna zan aika, abokina da muka zauna ɗaki ɗaya, wanda ya wuce mastar a jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, ya ce kamarad karanta mini kwanan watan kaziyenka. Na karanta. Ya yi shiru, ya ce ta mutu, wata uku take yi. Bizit ɗin ma haka. Wallahi ranar ban ci abincin dare ba. Haka na sake ɗaukar hanyar Matamaye, wannan karon Talata, na sake komawa likita, na sake biyan duk abin da na biya. To takardu iri biyu ne, akwai waɗanda ba sa mutuwa, takardar haihuwa, nasiyonalite, bak, atestasiyo, relebe, waɗannan a tanade su tun ana aji. Akwai kuma masu rai ƙayyadadde, kaziye da bizit, waɗannan kar a taɓa su sai an ga sanarwa da ido an san ranar rufewa.

A lokacinmu Yamai dosiyen ya tafi. Ba ni da kuɗin mota zuwa da dawowa, sai na sa shi a ambulan babba na kai gar na aika wa abokin nan nawa, dare ɗaya ya kwana a hanya, ya je ya karɓa, ya bar darasinsa ya bi mini layi, ya ajiye, ya ɗauki hoton rasit ya turo mini ta WhatsApp. Ko kuɗin taksi bai yarda na mayar masa ba, ya ce bidon nawa ka ɗauko mini lokacin da zazzaɓi ya kwantar da ni? A ajiye rasit ɗin nan, lambar da ke kansa ita ce shaidarka in an ce ba a ga dosiyenka ba.

Daga nan sai jira, kuma jiran nan shi ne abin da ba wanda ya shirya mu a kansa. Wata bakwai na yi. Da safe ka yi wanka ka sa kaya ba ka da wurin zuwa, a fada ana ce maka mai lisans ya labari, ba da mugunta ba amma kana jin ta a ƙirji, Inna kuma duk kiran da za ta yi sai ta ce har yanzu shiru? in ce Inna a ci gaba da addu'a. Akwai ranakun da na ƙi fita don kar a tambaye ni. Abin da ya cece ni shi ne na ƙi zama haka nan, na samu gida biyu a Sabon Gari ina koya wa yara darasin yamma, na je ANPE, hukumar samar da aikin yi, na yi katin mai neman aiki, wanda nake ba kowa shawara ya yi don akwai wuraren da in za su ɗauki ma'aikaci sai sun tambaye shi, sannan wata ƴar ajinmu da ta riga mu shiga wata ƙungiya mai zaman kanta ta sa sunana cikin masu zagaya ƙauyuka suna ɗaukar bayanai a tablet, kwana ashirin muka yi a ƙasar Tanut. Nan na ga amfanin karatun taswira da muke ƙorafi a kansa a anfi. Ƴan ajinmu kowa da inda ruwa ya kai shi, wani ya shiga jandarma, wani yana harkar sufuri a wajen matatar SORAZ, biyu sun tafi Kano ƙarin karatu, ɗaya ya koma rumfar mahaifinsa a kasuwar Dole kuma yau shi ke taimakon da yawa daga cikinmu in ta ɗaure. Rukuninmu na WhatsApp har yau yana nan, duk sanarwar kwankur ko istaj a can nake fara ganinta, kar ka fita daga na ajinku ko da surutu ya dame ka.

A rukunin nan ne ma wani dare wajen sha ɗaya aka turo jerin sunaye, hoto ne dishi-dishi, ina ta ja da yatsa har na ga nawa, koyarwa, jihar Zinder. Na tashi na yi alwala na yi raka'a biyu. Amma ko nan akwai sauran ƙofofi. Na je ma'aikatar ilimi ta jiha na karɓi takardar turawa, aka tura ni wani CEG, wato kwaleji, a ƙasar Mirriya in koyar da tarihi da jeyografi. Da na isa na gaida diraktan, dattijo ne, ya ce Mushe sannu da zuwa, kafin ka ga aji zauna mu yi takardar kama aiki. Ita ce piriz da sarbis, kuma ita ce uwar takardu a wannan matakin, daga ranar da ke kanta ake fara ƙirga shekara biyunka, da ita ake shigar da kai cikin masu karɓar ɗan alawus, da ita kuma za ka nemi takardar gamawa. Wani abokin aikina ya yi wata biyu yana koyarwa bai yi ta ba don yana ganin ai kowa ya san yana zuwa, ya sha wahala kafin a daidaita masa. Na yi kopinta biyar na legalize, na buɗe asusu a banki na kai lambar. Alawus ɗin ba ya da yawa kuma farkonsa sai an yi haƙuri, don haka kar ka tafi ƙauye hannu sake, ka ɗan riƙe na garin tuwo na wata biyu ko uku. Ranar farko da na shiga aji yara sama da saba'in suka miƙe suka gaishe ni, hannuna na rawa da alli, sai na tuna malaminmu na shekarar farko da yake cewa ku fara da abin da yaro ke gani a ƙofar gidansu, sai na fara da tambayar su ina ruwan tafkin garinsu ke tafiya in rani ya yi. Da shekara biyun ta cika ban bar garin ba sai da na bi takardar gamawa ta fito, don ana tambayarta a dosiye da dama daga baya, kuma bin ta daga nesa ya fi wuya.

In na tattara abin da na biya da wanda bai kamata in biya ba, tafiya Matamaye sau biyu, likita sau biyu, kopi goma-goma da wasu har yau suna cikin akwati, rabin wahalar rashin tambaya ne da rashin duba takarduna da kaina. Don haka tun kana shekara ta biyu ka zauna ka shimfiɗa takardunka a tabarma, ka bi sunanka da na mahaifinka da ranar haihuwa da garin haihuwa harafi-harafi, in ka ga bambanci ka fara gyara tun kana da burs a hannu. Duk relebe da ya fito ka karɓe shi a lokacinsa, ka ɗauki hotonsa ka tura wa kanka a intanet, orijinal kuma a leda cikin akwatin ƙarfe inda ruwa da gara ba sa kaiwa. Buro da safe ake zuwa, Litinin zuwa Alhamis. Ka gaida mai gadi da sakatare da mutunci, ka ce baba ko madam don Allah ina ne ake kaza, sau da yawa su suka fi kowa sanin wace ƙofa ke buɗe yau da wanda ya yi tafiya. Kuma in wani ya tare ka a waje ya ce kawo kuɗi in shigar maka ta baya, ka ce na gode ka bi layinka, ni duk takardun nan ban ba kowa ko dala ba bayan kuɗin da aka ba ni rasit ko tambur a kansa.

Yaron nan na Garin Malam na ce ya kawo mini shamiz ɗinsa bayan isha'i, muka shimfiɗa a tsakar gida da fitilar salula. Relebe ɗinsa shida sun cika, Alhamdu lillahi, amma sunan mahaifinsa a takardar haihuwa Issoufou ne, a bak kuma Youssouf, kuma haifaffen Magariya ne. Na ce kaziye ka bar ta tukuna. Mun yi da shi Litinin bakwai da rabi zan ɗauke shi a babur mu fara da jastis, don darasina na farko ranar sai ƙarfe goma.